Yadda Ake Gane Majinyacin da ke Cikin Haɗari a Ɗakin Kwanciya na Manya: Jagora Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga ɗaliban aikin jinya, da sababbin ma'aikatan da aka tura asibitocin ƙananan hukumomi, har ma da 'yan uwa masu zaman jinya: a ɗakin da gadaje suka cika, nas ɗaya ko biyu ne kan aikin dare, likita kuma sai an kira shi a waya, ta yaya za a san wanda ya fi kowa kusa da haɗari? Ga amsar a jere, yadda ake yin aikin a bakin gado. Maganar manya nake yi, daga shekara 16 zuwa sama. Yara da masu juna biyu lissafinsu daban ne, kada a ɗora musu waɗannan lambobin.

Da yawa daga cikin majinyatan da ake cewa "kwatsam jikin ya tashi" sun ɗauki sa'o'i suna nuna alama, sai dai ba a auna ba, ko an auna ba a haɗa lissafin ba. Alamun da suka fi faɗin gaskiya kuwa su ne mafi arha: numfashi, hayyaci, bugun jini da fitsari. Gwajin jini yana zuwa ne bayansu.

Kayan da za ka tanada

Agogo mai nuna sakan ko wayarka, na'urar awon jini, ma'aunin zafin jiki, oksimita wadda ake maƙala wa a yatsa, na'urar awon siga da tsinkayenta, tsinken gwajin fitsari, roba mai lambobi ta awon fitsari, da takardar rubuta awo. Cikinsu na'urar siga ce mai cin kuɗi a kai a kai, domin kowane gwaji tsinke ɗaya ne, kuma tsinken wani kamfani ba ya shiga na'urar wani. Kafin ka sayi na'ura, fara tambayar ko ana samun tsinkayenta a kyamis ɗin garinku. Oksimita kuma a ajiye mata batir na ko-ta-kwana a aljihun tebur. Idan kuɗi bai kai a sayi komai lokaci guda ba, ni dai zan sa oksimita da na'urar siga a gaba.

Mataki na 1: Kallo daga ƙafar gado

Kafin ka taɓa shi, tsaya ka dube shi na ɗan lokaci. Da ƙafarsa ya shigo ko ɗauko shi aka yi? Yana iya kwanciya flat ko sai an jingina shi da filo uku? Yi masa magana: "Baba, sannu da jiki, ina ke maka ciwo?" Wanda ya amsa da cikakkiyar jimla, hanyar numfashinsa a buɗe take kuma jini yana kaiwa ƙwaƙwalwarsa. Wanda yake yanke magana kalma biyu-biyu don ya ja iska, wannan ya riga ya shiga sahun gaba. Kasa tafiya ba tare da an riƙe mutum ba alama ce mai nauyi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin alamun haɗari ga masu ɗauke da HIV.

Gargaɗi: idan ka ji minshari ko kurkurar ruwa a maƙogwaron wanda ba ya cikin hayyacinsa, dakata da sauran matakan. Juya shi gefe, share bakin, kira taimako.

Mataki na 2: Ƙirga numfashi

Nan ne aka fi yin ha'inci, kuma nan ne aka fi yin asara. Duba takardun awo a ɗakuna da yawa za ka tarar an jera 20, 20, 22, 20 daga sama har ƙasa, alhali ba wanda ya ƙirga. Numfashi kuwa yakan riga sauran alamu canzawa, tun jini bai sauka ba.

Kama wuyan hannunsa kamar bugun jini kake ji, idonka kuma na kan ƙirjinsa. Kada ka gaya masa numfashi kake ƙirgawa, domin da zarar ya sani zai canza shi. Ƙirga minti ɗaya cur, ba sakan 15 a ninka huɗu ba. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20 a minti. Daga 22 ka fara sa ido, 25 zuwa sama abu ya yi tsanani, 30 kuwa a kira likita ko da sauran awon sun yi kyau. Ƙasa da 9 ma haɗari ne, musamman ga wanda aka yi wa allurar ciwo mai ƙarfi irin fentazosin ko mofin, ko aka ba shi dayazifam.

Kula da salon numfashin ma. Mai zurfi, mai sauri, ba tari ba shaƙewa, ga mai ciwon siga ko ciwon ƙoda, yakan nuna jininsa ya yi tsami. Jiki ne ke ƙoƙarin fitar da tsamin ta huhu, kuma ƙarin oksijin kaɗai ba zai gyara shi ba.

Mataki na 3: Awon oksijin

Maƙala oksimita a yatsa mai ɗumi, ka jira lambar ta tsaya. Daga 96 zuwa sama lafiya lau. 94 da 95 a sa ido. Ƙasa da 92 yana buƙatar oksijin da likita. Banda wanda likita ya tabbatar yana da daɗaɗɗen ciwon huhu mai toshe hanyar iska, shi ana riƙe shi tsakanin 88 da 92.

Gargaɗi har uku a nan. Na farko, hannu mai sanyi ko jinin da ya sauka yana sa na'urar ta yi ta shirme; murza hannun ya yi ɗumi, ko ka gwada wani yatsa. Hanyar gane ko ta kama daidai ita ce ka kwatanta bugun da take nunawa da wanda ka ji da yatsunka. Na biyu, jan farce da lalle mai duhu suna iya tare hasken na'urar, sai ka nemi yatsan da ba shi da ƙunshi ko ka koma yatsan ƙafa. Na uku ya shafe mu kai tsaye: wani bincike da aka wallafa a 2020 daga Jami'ar Michigan a Amurka ya nuna cewa oksimita ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farar fata. Saboda haka mutumin da ke haki, na'ura na nuna 93 ko 94, ka yarda da hakin.

Kuma kullum ka rubuta ko a kan oksijin aka auna shi, da lita nawa. 95 a kan lita 10 ba ɗaya ba ne da 95 a iskar ɗaki.

Mataki na 4: Bugun zuciya da awon jini, a haɗe

Ji bugun da yatsunka, kada ka dogara da na'ura kaɗai. Kana neman abu uku: yawansa, ƙarfinsa, da ko yana tafiya daidai ko yana tsallake. Sama da 90 a kwance a lura, sama da 110 a damu, sama da 130 ko 40 zuwa ƙasa gaggawa ce. Danna farcensa na sakan 5 ka saki. Idan jini bai dawo ba cikin sakan 3, ga kuma tafin hannu da ƙafa sun yi sanyi, jini ba ya isa gaɓoɓi.

Sai awon jini. Lambar sama, wato ta farko cikin lambobi biyu na awon jini, 100 ko ƙasa alama ce, 90 ko ƙasa haɗari ne. Amma ga abin da ake yawan tsallakewa: raba yawan bugu da lambar sama. Ga mai lafiya amsar tana tsakanin 0.5 da 0.7. Idan bugu ya kamo lambar sama ko ya wuce ta, wato amsar ta kai 1, to jiki yana gab da kasawa ko da awon jinin bai faɗi ba tukuna. Matashi yana iya riƙe awon jininsa daidai har ya zubar da jini mai yawa, bugun ne zai tona asiri.

Gargaɗi: mai hawan jini da ya saba zama a 170, yau ka same shi a 110 ba tare da an ƙara masa magani ba, kada ka yi murna cewa jini ya daidaita. Faɗuwa ya yi. Haka nan mai shan atenolol ko furofaranolol, bugunsa ba zai hau ba ko da yana cikin mawuyacin hali. Ƙaramin maɗauri a damtse mai kauri yana ba da lamba sama da gaskiya. Idan bugun yana tsallake, na'urar batir ba abin dogaro ba ce, a koma ta hannu.

Mataki na 5: Zafin jiki

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Sama da 38 zazzaɓi ne. Abin da aka fi rainawa shi ne sanyi: ƙasa da 36 ga mai rashin lafiya mai tsanani, musamman tsoho, ya fi zazzaɓi muni. 'Yan uwa sukan ce "Alhamdu lillahi zazzaɓin ya sauka", alhali jiki ne ya gaza yin zafin. Tambayi ko an ba shi farasitamol kafin awon.

Mataki na 6: Hayyaci

A ganina wannan ya fi kowane awo nauyi, kuma ba ya cin ko kwabo. Matakai biyar ne: yana farke yana gane komai, yana farke amma a ruɗe, sai an kira sunansa yake buɗe ido, sai an matsa masa da zafi yake motsi, ba ya motsi sam. Duk abin da ya sauka daga na farko, a ɗauke shi da gaske.

Ruɗewar da ta zo sabuwa ita ce mai wuyar kamawa, domin majinyacin yana gaisawa lafiya lau. Gaisuwa ba hujja ba ce, baki ya saba da ita. Tambaye shi a ina yake, wace rana ce, wa ke zaune kusa da shi. Sannan ka juya ga mai jinya: "Hajiya, haka ya saba magana a gida, ko kin ga canji?" Ita ta san shi, kai ba ka san shi ba. Idan ta ce tun la'asar yake sambatu, ko yau bai tambayi lokacin salla ba alhali ba ya wasa da shi, ko yana ta fizge robar ƙarin ruwa, rubuta shi a matsayin ruɗewa. Kada ka karɓi bayanin "tsufa ne" ko "iska ce" kafin a auna siga da oksijin.

Gargaɗi: majinyacin da ya dame ku da hayaniya da dare sannan ya yi tsit, je ka tashe shi ka gani. Ba kowane shiru ne barci ba. Kuma kada a yi wa mai fizge-fizge allurar barci kafin a san dalilin fizge-fizgen.

Mataki na 7: Siga, nan take

Duk wanda hayyacinsa ya canza, ko ya yi jijjiga, ko ake zaton shanyewar ɓarin jiki, a soka masa yatsa kafin komai. Ƙasa da 3.9 siga ya sauka, ƙasa da 3.0 gaggawa ce. Waɗanda ya fi kamawa su ne masu insulin ko gilibenkilamaid da suka daina cin abinci, masu ciwon siga da suka ɗauki azumi ba shawarar likita, masu ciwon hanta ko ƙoda, da wanda ake yi wa ƙarin kwinin. Mai iya haɗiya a ba shi ruwan siga ko lemon kwalba. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, ta jijiya ake ba shi. A sake aunawa bayan minti 15. Wanda gilibenkilamaid ya kayar, sigansa yakan sake faɗuwa bayan sa'o'i, don haka ba a sallamarsa don kawai ya farfaɗo.

Gargaɗi: na'urori iri biyu ne a kasuwa. Wata tana nuna lamba irin 5.5, wata irin 99, kuma duk abu ɗaya suke nufi. Raba babbar lambar da 18 ka samu ƙaramar; 3.9 da 3.0 da na faɗa a sama na mai ƙaramar lambar ne. Duba ranar lalacewar tsinkayen, ka rufe robarsu da kyau saboda zafi da laima. Idan na'ura ta rubuta HI, sigan ya wuce abin da take iya karantawa. Tsoma tsinke a fitsari ka duba kiton, wato sinadarin da ke nuna ciwon siga ya fara sa jini tsami, ka kira likita.

Mataki na 8: Fitsari

Ƙoda tana cikin gaɓoɓin da ke fara nuna cewa jini ba ya zagayawa yadda ya kamata. Ma'aunin da ƙungiyar masana ciwon ƙoda ta KDIGO ta fitar a 2012 shi ne: fitsari ƙasa da rabin mililita ga kowane kilo na nauyin mutum a kowace awa, na tsawon awa 6, ƙoda ta samu rauni. Ga mai kilo 60, wannan mililita 180 ke nan a awa 6, wato ɗan sama da kashi ɗaya bisa uku na ledar fiya wata. Idan an sa masa robar fitsari, zubar da jakar, rubuta lokaci, ka dawo ka karanta. Idan ba a sa ba, ba mai jinya roba ka roƙe ta ta riƙa tarawa, kada ta zubar sai ka gani. Mutanenmu suna da kunya a wannan fanni, don haka ka bayyana dalili, kuma mace ta yi wa mace bayani in da hali.

Gargaɗi: jaka ta zauna wayam ba lalle ne ƙoda ta tsaya ba. Taɓa mara. Idan ta cika ta yi tauri, robar ce ta toshe ko ta lanƙwashe, ko kuma dattijo ne mai kumburin furosteti.

Mataki na 9: Haɗa maki

Lamba ɗaya-ɗaya tana yaudara, shi ya sa aka ƙirƙiro ma'aunan maki. Wanda ya fi shahara shi ne NEWS2 na Kwalejin Likitoci ta Landan, wanda aka sabunta a 2017. Idan asibitinku yana da takardarsa, yi amfani da ita: maki 5 ko 6 a kira likita cikin gaggawa a riƙa awo duk awa, 7 zuwa sama a tara duk wanda ke kusa. Akwai kuma qSOFA na 2016 mai abu uku kacal: numfashi 22 ko sama, lambar sama 100 ko ƙasa, da canjin hayyaci. Biyu cikin uku ga mai alamar ƙwayar cuta haɗari ne. Sauƙin haddacewa gare shi, amma yana barin mutane da yawa su wuce, har jagororin duniya na 2021 kan gubar ƙwayar cuta a jini suka ce kada a dogara da shi shi kaɗai.

Wanda na fi so wa asibitocinmu shi ne UVA, domin daga bayanan majinyata na ƙasashen Afirka kudu da Sahara aka gina shi, aka wallafa a 2017, kuma ba ya jiran ɗakin gwaji. Ga makinsa:

Zafin jiki ƙasa da 36: maki 2
Bugu 120 ko sama: maki 1
Numfashi 30 ko sama: maki 1
Lambar sama ƙasa da 90: maki 1
Oksijin ƙasa da 92: maki 2
Kowane irin raguwar hayyaci: maki 4
Yana ɗauke da HIV: maki 2

0 zuwa 1 haɗari kaɗan ne, 2 zuwa 4 matsakaici, sama da 4 babba. Lura da yadda hayyaci shi kaɗai ya kwashe 4.

Mu gwada da misali. A ce an kawo dattijo mai shekara 68, kwana huɗu yana tari. Zafin jiki 35.8, awon jini 96 bisa 60, bugu 118, numfashi 28, oksijin 91, yana gaisawa amma ya ce shi a gona yake. Mai kallo sama-sama zai ce ba zazzaɓi, jini bai faɗi can ba, a ba shi gado a ƙarshen ɗaki. To lissafa. UVA: sanyi 2, oksijin 2, ruɗewa 4, jimla 8. qSOFA uku cikin uku. Bugu a raba da lambar sama ya haura 1.2. A NEWS2 makinsa 14. Wannan gadonsa yana gaban teburin nas, da oksijin a hanci, kuma a wannan awar za a fara masa allurar kashe ƙwayoyin cuta.

Mataki na 10: Tambayoyin da ke ƙara wa makin nauyi

Mutum biyu masu maki ɗaya ba lalle ƙarshensu ya zama ɗaya ba. Abin da kowa ya shigo da shi yana da tasiri. Tambayi shekaru, domin daga 65 haɗari yana ƙaruwa. Tambayi ciwon siga, hawan jini, ciwon zuciya, ƙoda, hanta, sikila, tarin fuka da HIV. Duba rama. Tambayi ko an kwantar da shi a watannin baya, da kwana nawa ya yi a gida kafin a kawo shi.

Sannan ka ce a kawo maka ledar magungunansa gaba ɗaya, ka zazzage a kan gado. Mafi yawan amsoshin suna cikin ledar nan. Dikilofenak da ibufurofen da ake saya a kyamis saboda ciwon jiki suna lalata ƙoda kuma suna sa gyambon ciki ya yi jini. Allurar jentamaisin da aka yi ta yi a gida ma tana taɓa ƙoda. Jiƙo da tsimi kuwa kada ka tambaya da faɗa, in ka yi faɗa za a ce ba a sha ba. Ka ce: "Kafin a zo an ɗan gwada na gida ko? Wanne aka ba shi?"

Akwai abubuwa uku na yankinmu da ya kamata su zauna maka a rai. Mace da ta haihu cikin watannin da suka wuce, ta zo da kumburin ƙafa, haki da kasa kwanciya flat: a yi tunanin ciwon zuciya na bayan haihuwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawansa a ƙasar Hausa, suka kuma alaƙanta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Mai sikila da ya zo da ciwon ƙirji, zazzaɓi da saukar oksijin: wannan ba ciwon ƙashin da ya saba ba ne, yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro da na ƙwayoyin cuta, musamman a rani, ga ciwon maƙogwaro ko zubar jini, ko mutum ya fito daga Bauchi, Taraba, Edo ko Ondo: a yi zaton Lassa, a ware shi, a sa safar hannu, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ko a kira hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a 6232.

Mataki na 11: Gwajin jini, bisa tsarin aljihu

A mafi yawan asibitocinmu 'yan uwa ne ke biya, kuma farashi yana canzawa kusan duk wata. Idan aka miƙa musu takardu bakwai lokaci guda, za su yi biyu mafi arha ko su tafi neman kuɗi har gobe. Gara a jera musu: wannan yanzu, wannan da safe.

Sahun farko, masu arha da saurin fitowa: siga, PCV (awon yawan jini), gwajin cizon sauro, tsinken fitsari, da gwajin HIV, wanda kyauta ne a yawancin asibitocin gwamnati, kamar yadda gwajin majina na GeneXpert yake kyauta a cibiyoyin tarin fuka. PCV ƙasa da 21, ko himogulobin ƙasa da 7, yawanci maganar ƙarin jini ce, a fara neman masu bayarwa tun da wuri.

Sahu na biyu shi ne gwajin ƙoda da gishirin jini. Ya fi tsada, amma in kuɗin gwaji ɗaya ne ya rage, shi zan zaɓa. Abin dubawa: kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, da ya ƙaru da 26.5 cikin awa 48, ko ya ninka ɗaya da rabi cikin mako, raunin ƙoda ne. Fotasiyam 6.0 zuwa sama na iya tsayar da zuciya ba sallama, 6.5 kuwa ba a jiran safiya. Sodiyam ƙasa da 125 yana kawo ruɗewa da jijjiga, kuma ba a gyara shi da gaggawa, kada ƙarin ya wuce 10 a awa 24. Yuriya, wani dattin da ƙoda ke fitarwa, sama da 7 ga mai nimoniya maki ɗaya ce a CURB-65, ma'aunin tsananin nimoniya.

Sahu na uku: cikakken ƙidayar jini, gwajin hanta da albumin (wani furotin na jini), hoton ƙirji, awon zuciya na ECG. Albumin ƙasa da 35 yana tafiya da jinya mai tsawo da mummunan sakamako, amma alama ce ta tsananin ciwo, ba abin da za a gyara da ƙarin ruwa mai tsada ba. Laktet, gwajin tsamin da ke taruwa idan jini ba ya isa gaɓoɓi, inda ake yinsa, sama da 2 abin damuwa ne, 4 zuwa sama babban haɗari. Ga mai HIV, CD4, wato awon ƙwayoyin garkuwar jiki, ƙasa da 200 yana nufin a nemi tarin fuka da sanƙarau na fangas ko da bai yi ƙorafi ba.

Gargaɗi: kada a ɗebi jini a hannun da ake ƙarin ruwa, sakamakon zai fito a gauraye. Jinin da ya daɗe a kan tebur ko aka matsa shi da ƙarfi ta ƙaramar allura yana nuna fotasiyam na ƙarya. A maimaita, amma a ɗauke shi da gaske kafin na biyun ya fito. Wanda ke zubar da jini yanzu, PCV ɗinsa na farko yana iya fitowa daidai, sai bayan sa'o'i yake faɗuwa. Tsoho ramamme kuma kiriyatinin ɗinsa na iya zama "daidai" alhali ƙodar ta yi rauni, saboda ba shi da tsoka. Duba ma'aunin da ɗakin gwajin ya yi amfani da shi: kiriyatinin 1.0 a wani ma'aunin daidai yake da 88.4 a ɗayan, kuma 26.5 da na faɗa a sama na mai babbar lambar ne. Idan za a ɗauki jinin shuka ƙwayar cuta, a ɗauka kafin allurar farko, amma kada jiran kwalba ko rasit ya jinkirta allurar ga wanda jininsa ya faɗi.

Mataki na 12: Kiran likita

Kada ka ce "Likita, mai gado na shida jikinsa ba daɗi." Ba za a taso da sauri ba. Faɗi wane ne, me ya kawo shi, lambobin, yadda suka canza, da abin da kake so. Misali: "Likita, barka da dare. Dattijon gado na shida ne, shekara 68, mai nimoniya. Da ƙarfe takwas numfashinsa 22, yanzu 28. Oksijin 91, jini 96 bisa 60, bugu 118, ya fara ruɗewa, siga 6.2. Na sa masa oksijin. Ina so ka zo ka gan shi yanzu." Rubuta lokacin da ka kira. Idan ba a zo ba, kira na gaba da shi, ba rashin kunya ba ne.

Kafin ya iso: ɗaga kan gado, sa oksijin, tabbatar akwai hanyar jijiya mai aiki, matso da gadon kusa da kai.

Gargaɗi kan ƙarin ruwa: jini ya sauka ba ya nufin a buɗe leda bayan leda. A wani gwaji da aka yi a Lusaka ta Zambiya, aka wallafa a 2017, majinyata masu gubar ƙwayar cuta a jini da aka bi da su da tsarin ruwa mai yawa tun farko sun fi mutuwa, kashi 48 cikin ɗari, a kan kashi 33 na waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Inda babu na'urar taimakon numfashi, a ba da mililita 250 zuwa 500, a tsaya a sake ƙirga numfashi, a duba oksijin, a saurari ƙirji, sannan a yanke shawarar ƙarawa. Mai ciwon zuciya, mai ciwon ƙoda da mai jegon da aka ambata a sama, su ne ruwa ya fi saurin cika wa huhu.

Mataki na 13: Maimaitawa da miƙa aiki

Awo ɗaya ba ya nuna inda aka dosa. Mai ƙaramin maki a auna shi duk awa 4 zuwa 6, matsakaici duk awa ɗaya ko biyu, mai babban maki duk rabin awa ko ƙasa da haka har ya daidaita. Bayan kowane abu da aka yi masa, ƙarin ruwa ne ko jini ko oksijin, a sake awo. Rubuta lambar da ka gani tare da lokacin gaskiya. Gurbin da ba ka auna ba ka bar shi fili, ya fi a cike shi da ƙiyasi, domin wanda zai karɓe ka da lambar zai yi aiki.

Sa mai jinya cikin aikin. Gaya mata abu huɗu da za ta taso ka a kansu ko ƙarfe nawa ne: numfashi ya ƙaru, magana ta canza ko ya ƙi tashi, fitsari ya tsaya, hannu da ƙafa sun yi sanyi. Ga mai shanyewar ɓarin jiki ƙara mata na biyar: kada a ba shi koko ko ruwa sai an gwada haɗiyarsa, domin abin da ya sarƙe shi huhu yake tafiya.

Lokacin miƙa aiki kada a bi gadaje daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Fara da masu maki mafi yawa, a bakin gadonsu, da takardar awo a hannu. Faɗi gwajin da aka kai ba a karɓo ba, da wanda zai karɓo, da lambar da in aka gani za a kira likita. Idan kuma za a tura shi babban asibiti, a kira can tukuna a tabbatar akwai gado, a auna siga kafin a tashi, a haɗa shi da tukunyar oksijin da za ta kai shi, sannan a kwafe awon awa 24 na ƙarshe a kan takardar turawa.